Duwatsun Kawu a Cikin Taɓo

Kowa ya zo gaisuwar Kawu da irin Kawun da ya sani. Ta bayan zana muke jin maza a cikin siwan, babbar rumfar tamfol da aka kafa a ƙofar gida. Tsofaffin ɗalibansa, waɗanda su ma furfura ta kama su, suna dariya ƙasa-ƙasa, suna tuna yadda yake shiga aji aljihun jallabiyarsa ya rinjaya gefe guda saboda nauyin duwatsu. Abokan babban ɗansa, masu manyan gonakin tarakta, suka ɗaga hannu suka yi Fatiha, suka kurɓi shayi, suka koma kan zancen jaz, wato man tarakta, da ya yi wuya a daminar. Wani dattijon unguwa ya ce mutumin kirki ne, sahun gaba bai taɓa rasa shi ba, sai dai Allah ya yafe masa maganar nan tasa ta cewa duniya ta yi miliyoyin shekaru. A cikin gida kuwa wata maƙwabciya ta dafa kafaɗar matarsa ta ce, to, ya huta, ke ma kin huta da sharar ƙurar duwatsu.

Ni ban iya kuka ba a ranar. Haushi ne ya cika ni, kuma har yau da nake rubutun nan bai sauka ba.

Na iso an riga an binne shi, domin ruwa ya rufe hanyar ƙauyen da nake koyarwa a bayan Fau, sai da tarakta ta fito da ni bakin kwalta. Wanda ya san baƙin taɓon Gadarif ya san ba ya bar wa mutum takalmi a ƙafa. Da na sauka daga mota sai na ga an shimfiɗa duwatsu tun daga bakin titi har ƙofar gida, hanya sosai, mutum biyu sa iya jerawa. Har na sa wa wanda ya yi aikin albarka a zuciyata. Na yi rabi ke nan ƙafata ta gurɗe a kan wani dogon dutse. Na duƙa na duba. Yana da zanen itace a jikinsa, har da gurbin reshe. Na san dutsen nan tun ina 'yar firamare. Na ɗaga kai na bi hanyar da kallo, ja, baƙi, fari, mai ƙyalli, duk a cakuɗe, taɓo yana haɗiye su. Duwatsun Kawu nake takawa, aikin rayuwarsa gaba ɗaya, waɗanda ya ce in damina ta wuce a kai su makarantar da nake koyarwa. Ya faɗa mini, ya faɗa wa matarsa, ya faɗa wa ɗan nasa a gabana.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a Mafaza, zangon ya zama gida. Shi ne na farko a zuri'ar da ya je Khartum karatu mai zurfi, kuma duk abin da ake karantawa a duniya sai ya zaɓi ilimin duwatsu. Burinsa ya shiga cikin masu binciken man fetur. Da ya je neman aikin aka ce ya kawo shaidar cewa kakansa a ƙasar nan aka haife shi. Bai da ita, don ba a nan aka haife shi ba. Sai ya dawo Gadarif ya ɗauki alli, ya koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa yin ƙorafin wannan a gabanmu ba. Mahaifiyata ce take yi masa, kuma tana yi da kyau.

Abin da ya fara haɗa ni da shi kuka ne. Na dawo daga makaranta wata yarinya ta ce mini baƙuwa, mu koma inda muka fito. Na tarar da shi zaune a gindin murhu, matarsa tana toya kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, tana ɗaga kowace daga kan ƙarfe tana ɗorawa a kan 'yar'uwarta a faranti. Bai rarrashe ni ba. Ya nuna tarin ya ce in gaya masa wacce aka fara toyawa. Na ce ta ƙasa mana. Ya ce wa ya gaya mini, ai ban nan lokacin. Na ce ai dole ne, ba a ɗora abu sai a kan wanda ya riga shi. Ya yi murmushi ya ce to na gama rabin karatun da ya kai shi Khartum. Haka ƙasa take, hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, kuma kowane hawa ya ɗauki zamanin da hankali ba ya iya riƙewa. Ya ce wannan baƙar ƙasar da ake tinƙaho da ita, ita ce kisra ta ƙarshe, ko hucewa ba ta yi ba.

"Ki gaya wa ƙawarki," ya ce, "a lissafin ƙasar nan, da kakanta da kakanki duk da safen nan suka iso."

Na share hawaye, sai kuma tsokana ta motsa. Na ce to in wani ya zo ya watsar da kisrar fa, ta yaya za a gane ta farko? Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Sai labarin ya ɓace. Amma wa zai yi wannan aikin banza?"

Ɗakinsa na duwatsu yana bayan gida, ɗan ƙarami, rufin kwano. Duk inda ya ji ana haƙa rijiya, daga Mafaza har gefen Gadambaliya, sai ya hau lori ya je ya tsaya a kan mahaƙa. Duk lokacin da launin ƙasa ya sauya sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a gwangwani. Mahaƙan suna ce masa Ustaz mai kwasar shara, shi kuma yana kai musu sukari da ganyen shayi. A ɗakin, kowace rijiya tana da jerin katakanta daga ƙasa zuwa rufi, abin da aka samu a gindin rijiyar yana can ƙasa, na bakinta yana sama. Ba ya rubuta komai sai ɗan alli a jikin katako, kuma allin gogewa yake yi. Yakan ce jerin shi ne rubutun. Dutsen da aka raba da wurinsa, ba a san na samansa ba, ba a san na ƙasansa ba, ya zama kurma, sai dai a jefi kare da shi.

A nan na koyi ƙasarmu. A can ƙasa akwai dutse mai ƙyalli-ƙyalli irin na tsaunin Fau, shi ne babba. A kansa jan dutsen yashi, wanda koguna suka shimfiɗa tun ba mutum a duniya, a cikinsa ne ya samu itacen nan da ya zama dutse. A kan wannan baƙin dutse mai nauyi, wanda ya fito a narke daga cikin ƙasa ya malala ya daskare. Sai baƙar ƙasar noma a sama, da 'yan katantanwa a cikinta. Ya ce masana ba da ka suke raba zamunna ba. Suna bin halittun da suka mutu suka bar sawunsu a dutse. Inda wani iri ya ɓace ɓat, wani sabo ya bayyana a hawan da ke bisa, nan suke ja layi su ce wani zamani ya ƙare. In kuma suka ga irin halitta guda a duwatsun ƙasashe biyu masu nisa, sai su san hawayen nan biyu sa'annin juna ne.

Na taɓa ce masa wannan ai ya nuna wa ya girmi wa ne kawai, ina aka samo miliyoyin? Ya ja ni gindin randar gidan, wadda take ɗiga a cikin kwano. Ya ce in na san yadda take ɗiga, na ga abin da ya taru a kwanon da abin da ya rage a randar, ai zan iya faɗin tun yaushe aka cika ta. To a cikin dutsen da ya taɓa narkewa akwai wani sinadari da yake rikiɗa ya koma wani a hankali, a kan ma'aunin da zafi ko sanyi ba sa sauya shi. Sai a auna wanda ya rage da wanda ya rikiɗa. In aka san shekarun baƙin dutsen, an san jan da ke ƙasansa ya girme shi, ƙasar da ke samansa ƙanwarsa ce. Ya ce shi bai taɓa ganin na'urar awon da idonsa ba, a littafi ya san ta. Ya faɗi haka yana kallon randar, kuma ranar ce kaɗai na ji wani abu mai kama da kwaɗayi a muryarsa.

Masu cewa maganar nan ta taɓa imaninsa ba su san shi ba. Amsarsa guda ce kullum, cewa Allah ba ya gaggawa, mu ne muke yi. Daga nan sai ya ɗauki butarsa.

Akwai wani dutse da bai shiga jeri ba, don ba na ƙasarmu ba ne. Baƙi ne, falle-falle, wani tsohon ɗalibinsa da ya samu aikin haƙar mai a yamma ya kawo masa tsaraba. In baƙo ya zo sai ya kankare shi da wuƙa ya kai masa hanci, a ji ɗan warin mai. Daga nan baƙo ya shiga uku, don sai ya ji labarin duka. Ƙananan halittu ne na ruwa, waɗanda ido ba ya gani, suke mutuwa suna nutsewa gindin teku ko babban tafki, laka tana rufe su inda iska ba ta kai balle su ruɓe. Wata laka ta hau, wata ta hau, har nauyi da zafin cikin ƙasa su dafa su a hankali, shekaru miliyoyi, su zama mai. Man ya riƙa tsiyaya ta cikin dutse mai ƙofofi yana neman sama, har ya ci karo da wanda ba ya iya hudawa, ya taru a ƙarƙashinsa. In tarakta ta wuce tana hayaƙi sai ya girgiza kai ya ce ga gawar tafki ana ƙonawa, abin da aka daɗe ana dafawa mun shanye shi a damina guda.

Wannan ilimin ne ya raba shi da ɗansa, wanda nake kira Yaya.

Lokacin da labarin samun fetur a yamma ya cika gari, kowa sai ya fara kallon gonarsa da wani ido. Yaya yana da babbar gona a Gadambaliya, da hafir a gefenta, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Wata safiya ma'aikata suka ga launuka suna yawo a kan ruwan, ga wari. Kafin azahar Yaya ya yanka rago, ya tara abokansa, ya aiko da mota a ɗauko Kawu ya zo ya tabbatar. Ina hutu a gidan, na bi su. Matarsa ta raka mu har mota tana roƙonsa, ko me ya gani, ya ja yaron gefe ya faɗa masa a kunne.

Kawu ya tsoma yatsa ya sunsuna. Sai ya bi 'yar ƙoramar da ke kawo ruwa, mutane na biye da shi kamar ɗaurin aure, har bayan rumfar da direbobi ke kwana. Can ga wata tsohuwar durom ta jaz a kwance cikin ciyawa, gindinta ya huje. Ya buga ta da sanda. Ya kamata ya tsaya a nan. Amma Kawu, Allah ya jiƙansa, in gaskiya ta zo masa ba ya iya rage murya, kuma in ya ga mutum uku a tsaye sai ya ɗauka aji ne. Ya juyo ya shiga bayani, cewa wannan mai an tace shi, ɗanye ba haka yake ba, kuma a iya abin da ya gani a rijiyoyin yankin bai ga irin dutsen da ke haifar da mai ba. Wani ya fara dariya, saura suka kama. Aka ci ragon dai, ana yi wa Yaya kirari da sarkin fetur, sunan da ya bi shi shekaru.

A mota, da muka kusa gari, Yaya ya juyo wurin Kawu. Ya ce, "Baba, tun ina yaro kake tara duwatsu. Ko ɗaya bai taɓa fitar da zangarniya guda ba. Yau ɗaya da na nemi su yi mini amfani, sai suka tsiraita ni."

Kawu ya ce, "Da na ce akwai, da ka sayar da gonar kana haƙa rami."

Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda ya yafe wa wani. Yaya bai rage shi da komai ba, buhun dawa, magani, ragon layya, duk yana aikowa. Ɗakin duwatsun ne bai sake leƙawa ba.

Da idon Kawu ya fara dushewa, da hannu yake bin katakan, yana faɗin sunan kowace rijiya da wanda ya haƙa ta. A hutun da ya wuce ya ce mini ya gaji, yana so yara su gani tun ana iya gaya musu. Na nemi ɗaki a makarantarmu aka ba ni. Ya ce kada a taɓa komai sai ƙasa ta bushe, lori ya iya shiga, a ɗauka rijiya-rijiya, yana zaune yana faɗa ina jerawa. Ranar Yaya ya shigo gaishe shi, ya maimaita masa. Yaya ya ce to, yana duba agogo. Kawu bai ga ƙarshen daminar ba.

A ranar gaisuwar, da na samu mutane sun ɗan ragu, na aika aka kira mini Yaya bayan gida. Ƙofar ɗakin a buɗe take, katakai wayam, gwangwanaye a jibge a lungu. Idonsa ya kumbura. Mahaifiyata ta ce sai da aka riƙe shi a bakin kabari, kuma na yarda, don yana son ubansa. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Na ce, "Yaya, wa ya taɓa ɗakin nan?"

"Ni na sa," ya ce. "Manyan mutane ne za su zo, ya Ustaza. Kina so su shiga taɓo da fararen kaya a makokin ubana? Mutuncinsa na kare."

"Ya ce a kai su makaranta. A gabana ya faɗa maka."

"To ai ga su nan, ba su gudu ba. In an ɗage zaman makoki ki tsince kayanki. Dutse dai dutse ne, halas, magana ta ƙare."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Har ga Allah haka ya yi imani, ya girma a gidan nan bai taɓa jin abin da ake faɗa a cikinsa ba. Na so in yi masa bayanin jeri, sai na ji ni ma zan zama Kawu a bakin hafir. Na juya na koma cikin mata. Har aka tashi zaman, motoci suna ta hawa kan duwatsun suna danna su ƙasa, ana zubar da ruwan wanke-wanke a kai, masu gaisuwa suna yaba wa Yaya da dabara.

Bayan damina wani direban lori ya zo makarantarmu yana nemana. Ashe tsohon ɗalibin Kawu ne, tun da rai ya yi masa alkawarin ɗaukar kayan kyauta, kuma bai ji abin da ya faru ba. Na rasa yadda zan ce masa ya koma, sai muka tafi. Ɗakin ya zama ma'ajiyar jaz, duromai a ƙasa, ƙarafan tarakta a kan katakan. Hanyar ta bushe ta yi tauri, ba a ganin ko dutse ɗaya. Na ari fartanya na sara a gefe. Na fara cin karo da dutsen Fau mai ƙyalli, babban kowa, a sama. A ƙarƙashinsa katantanwar jiya. A ƙarƙashinta kuma ƙashin ragon sadaka da fasasshen kofin shayi. In wani mai irin haƙurin Kawu ya zo nan gaba ya haƙa ƙofar gidan nan, ya bi ƙa'idar da Kawu ya koya mini, zai rantse kofin shayi ya girmi tsaunin Fau. A ƙofar mutumin da bai taɓa yarda ƙasa ta yi ƙarya ba. Na tsinci abin da na iya, na san jan daga baƙin, amma wace rijiya, wane zurfi, wa ke kan wa, wannan ya tafi tare da shi.

Matarsa ta fito da takabarta ta tsaya tana kallona. Ta miƙo mini baƙin dutsen nan mai warin mai, ta ce a aljihun jallabiyarsa ta same shi ranar da za a wanke kayansa. Ta ce ranar da aka kwashe ɗakin tana ji ana zubawa, amma ba ta cikin hankalinta, ta ɗauka tsawa ce. Sai ta ƙulla mini kisra a leda ta ce in ci a hanya. Lorin ya koma da ni da buhu ɗaya wanda bai cika ba.

Ban ci kisrar ba. Washegari na kai ta aji na ɗora a kan tebur, na tambayi yaran wacce aka fara toyawa. Duk suka ce ta ƙasa. Na gaya musu hawa-hawan ƙasarmu, na zagaya da baƙin dutsen kowa ya sunsuna, na gaya musu sunan da ake kiran mutumin da ya koya mini, Ustaz mai kwasar shara, suka yi dariya. Sai wata yarinya a layin baya, mai ido irin na masu tsokana, ta ɗaga hannu ta ce, Ustaza, in wani ya zo ya watsar da su fa?

Na buɗe baki in ba ta amsar Kawu, sai na ga rabinta kawai zan iya faɗa. Na ce mata, sai labarin ya ɓace. Sauran rabin, wato wa zai yi wannan aikin banza, na bar masa, shi da Allah ya ɗauke shi bai san amsar ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ƙasar da ka san ta fiye da kowa ta yi maka sauƙi.